Abin da Inna Ta Goya Tare da Ni

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A garinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ma ya yi abin yabo sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ana yaye ni aka kai ni wurin gwaggona, a can na girma. In na zo gida gaisuwa, Inna takan amsa tana kallon tukunya. "Waccan" take ce mini, in ta ga dama ta ce "yarinyar nan", har na haifi 'ya'ya huɗu na fara furfura.

Na ɗauka in na kawo ta Amurka abin zai sauya. Ina! Shekara goma sha shida muna gida ɗaya a unguwar Parkchester da ke Bronx, ɗaki biyu da falo a hawa na biyar, wurin da ko atishawa mutum ya yi sai kowa ya ji, amma Inna ta san yadda za ta yi magana ba da ni ba. Bango take faɗa wa: "Sukari ya ƙare a gidan nan." Ko ta aiki autata: "Ƙawata, gaya wa uwarki maganin hawan jinin saura kaɗan," ni kuwa ina zaune a kujerar da ke kusa da ita. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ina wuni ina wanke iyayen wasu, suna riƙe hannuna suna ba ni labarin ƙuruciyarsu har in gaji, in dawo gida tawa uwar ta yi wa labule sannu da zuwa.

Da autata kuwa bakinsu ba ya rufuwa. A nan aka haife ta, tana karatun aikin jinya, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta cakuɗa da Turanci. Inna ta tsokane ta a kan wandon da take sawa, ita ta tsokani Inna a kan haƙoran roba, su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni ina gefe ina kishin 'yar cikina.

Maganar takardar zama 'yar ƙasa ta taso ne saboda ƙanwar Inna. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ƙanwar tana can gida a garinmu, ciwon ƙafa ya hana ta tashi, Inna kuma tana so ta je ta zauna da ita ba tare da ƙirga kwanaki ba. Mai girin kad, wato katin izinin zama, in ya daɗe a waje sai a ce ya bar ƙasar, ita kuwa likitocinta duk a nan suke. Fasfo ne kawai zai ba ta damar tafiya da dawowa yadda take so. Saboda shekarunta da daɗewar da ta yi a nan, an yarda a yi mata tambayoyin da Hausa, ta zo da tafinta.

Ni na cika fom ɗin a kan teburin kicin, kamar yadda na cika na girin kad shekarun baya. Akwai wani dogon shafi na tambayoyi: an taɓa kama ki, an taɓa ɗaure ki, kin taɓa shiga wata jam'iyya ko ƙungiya. Na bi su ina sa a'a, a'a, a'a, har ina dariya a raina. Wa zai dubi tsohuwa mai carbi, wadda ko tsallaka titi ba ta yi sai an riƙe mata hannu, ya tambaye ta ko ta taɓa zaman gidan yari? Balle ni, da ko "me kike marmarin ci" sai na bi ta bakin jika. Na nuna mata wurin sa hannu, ta sa, aka aika.

Saura mako uku a kira ta, wata Lahadi bayan la'asar, ina kicin ina kaɗa miyar kuka, autata tana falo tana yi mata bitar tambayoyin. Sun wuce na tarihin Amurka, Inna ta haddace su tsaf kamar karatun allo. Sai na ji yarinyar ta ce, da muryar wasa, "To Kaka, an taɓa arresting ɗinki? Kin gane, police su kama ki."

"Kama ni? An taɓa mana."

Autata ta fashe da dariya. "Kaka, serious fa. Can ba a wasa."

"Wa ke wasa? Wata uku na yi a gidan yari. Ci gaba."

Yarinyar ta karanta ta gaba a hankali, ko ta taɓa shiga jam'iyya. Inna ta ce, "Har kati na raba."

Na kashe wuta na tsaya a bakin ƙofar kicin da maburgi a hannu, miya tana ɗiga a ƙasa. Inna ta gan ni sarai. Ta gyara zama ta fuskanci jikarta, ta ɗaga murya yadda zan ji, ta fara.

Lokacin Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Jam'iyya biyu ce a garinmu, ta gwamnati da ta 'yan adawa, kuma rabuwar ta shiga ko'ina. Mutum ba ya sayen nama wurin mahaucin da ba ɗan jam'iyyarsu ba, ana fasa zuwa suna, har a masallaci akwai waɗanda ba sa haɗa kafaɗa. Mahaifin Inna marini ne. Wata shekara ya gaza biyan haraji a kan lokaci, 'yan doka suka zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci, da hannayensa masu shuɗin baba, yara suna kallo. Inna tana amarya ta ji labari. Ta ce tun daga ranar ta san ɓangarenta.

"Mu mata a Arewa ba mu da ƙuri'a a lokacin, ƙawata," in ji ta. "Mu dafa wa 'yan lacca abinci, mu yi guɗa, ranar zaɓe kuma muna cikin gida muna tankaɗe. Shi ya sa muka ce ko kati ne mu ma mu riƙe, a san muna nan."

Matsalar ita ce yadda katin zai shiga gidajen matan kulle, don 'yan doka suna tare mutane suna bincike. Sai Inna ta lura ba wanda ke taɓa goyo. Ta riƙa jera katunan tsakanin bayan jaririyarta da zanen goyo, ta ɗaure da majanyi, ta yafa mayafi, ta fita unguwa kamar mai zuwa barka. Wata da watanni tana haka. Rannan a bakin kasuwa, daidai inda 'yan doka biyu ke zaune, jaririyar ta tsula fitsari ta callara kuka, tana zillo har goyon ya kwance. Katuna suka zube a ƙasa, jiƙe sharkaf. Alƙali ya ce tana tayar da hankalin matan aure, ya yanke mata wata uku. Da yake jaririyar ba ta isa yaye ba, tare aka rufe su.

Autata ta juyo ta dube ni, ta sake duban kakarta. "Wace baby?"

Inna ta nuna kicin da haɓa. "Waccan mai maburgin."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Baba, Allah ya jiƙansa. Akawu ne a ofishin En'e, kuma duk mai cin albashi a lokacin ɗan jam'iyyar gwamnati ne, ko yana so ko ba ya so. Shi kuwa yana so. Autata ta ce ashe kakanta yana tare da azzalumai ke nan, sai Inna ta daka mata tsawa.

"Kul! Ba ki san komai ba. Su ma fa ba su taɓa riƙe ƙasa ba, a hannunsu suka koya. Masu ilimin boko a gundumarmu ba su cika tabarma ɗaya ba. Malam, kakanki, shi kaɗai yake aikin mutum uku. Malamin asibiti ɗaya, garuruwa birjik, kowa yana son rijiya, kowa yana son makaranta, talaka kuma ya ɗauka samun 'yanci yana nufin an daina haraji. Ga 'yan Kudu ba su yarda da mu ba, mu ma ba mu yarda da su ba. Tsoro ne ya yi musu yawa, shi ya sa suke ganin mai adawa kamar mai son rushe gidan. Sun zalunce mu, ban ce ba su yi ba. Amma na ga Malam yana dawowa da ido jawur, ya kasa cin tuwo saboda gadar da ruwa ya cinye babu yadda za a gyara. Muna ta ja-in-ja har soja suka zo suka rufe jam'iyyun duka, mu da su."

Manyan Baba sun ce ya sake ta in yana son aikinsa. Bai sake ta ba. Kullum da safe yakan kai kunu ƙofar gidan yarin da kansa, a kan idon kowa, kuma daga nan bai ƙara samun ƙarin girma ba har ya bar aiki. Da ta fito abu ɗaya ya roƙe ta, kada ta sake tayar da maganar. Ta yi masa alkawari.

Ni a lokacin ba tausayi ne ya fara zuwa mini ba, tsoro ne, sai fushi ya biyo baya. Na san abin da na rubuta a fom ɗin nan, na kuma san na rubuta irinsa a na girin kad. In suka ce ta yi ƙarya tun farko, ba fasfo kawai za ta rasa ba, har zaman nata zai iya shiga matsala. Na manta da wata kunya, na tsaya a gabanta na ce, "Inna, shekara sittin ba ki faɗa ba, sai yanzu? Wa ya sani? Wace takarda ta rage? Don Allah in an tambaye ki ki ce a'a, a wuce wurin."

Ta dubi labule. "A tambayar mini, a can ɗin za a sa ni rantsuwa?"

Autata ta ce za a sa.

"To ba na rantsuwa a kan ƙarya, ina dab da kabari. Alkawarin da na yi wa Malam shi ne ba zan tayar da maganar ba. Ban tayar ba. Tambayata aka yi. Da an tambaye ni tun wancan karon, da na faɗa."

Wannan ta ƙarshen ta same ni, don gaskiya ce. Ban tambaya ba. Na shige ɗaki na bar miyar a kan murhu, ranar shayi da burodi aka ci.

Na ɗauki hutun rabin rana na je wurin wata lauya. Ta saurare ni, ta ce a gyara amsar a gaban ma'aikacin tun kafin ya gano da kansa, a kuma bayyana cewa ni na cika fom ɗin ban sani ba. Ta ce ɗaurin siyasa na tun wancan zamani ba lalle ya hana ba, amma ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Na fito ban san ko sauƙi na samu ko ƙarin nauyi ba. Sai maganar tafinta. Hausar autata ba za ta ɗauki "alƙali" da "majanyi" ba. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta ce za ta je, Inna ta aika mata da godiya, ta ce ba ta son maganar ta zaga Bronx kafin Juma'a. Ya rage ni.

Ranar tambayoyin muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida muka gangara Manhattan, Inna cikin farin mayafinta na zuwa Idi. Ma'aikaciyar da ta kira mu baƙar fata ce mai tabarau, ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Da ta ji ni 'yarta ce sai ta ce za ta yarda, amma da sharaɗi. Ta sa Inna ta ɗaga hannu ta rantse, ni ma ta sa ni na rantse cewa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ba kuma zan amsa a madadinta ba. Ta ce in riƙa magana kamar ni ce ita.

Tambayoyin tarihi Inna ta cinye su ba gargada. Aka zo dogon shafin. Matar ta karanta ba tare da ta ɗago ba, alƙalaminta ya riga ya nufi wurin a'a. Na juya da Hausa: "An taɓa kama ki ko ɗaure ki?"

"An taɓa."

A nan ne na san irin zuciyar da nake da ita. Duk abin da lauya ta faɗa ya gudu daga kaina. Matar nan ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, kalma ɗaya kuma zan furta a rufe maganar har abada. Bakina ya buɗe. Sai na ji ana kallona. Na waiga, Inna ce ta zuba mini ido, cikin idona, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake. Ba harara ba ce. Jira kawai take ta ga wace irin 'ya ta goya.

Na ce e. Na ƙara da cewa ni na cika fom ɗin, kuskuren nawa ne, in an ba ni dama zan yi bayani.

Matar ta ajiye alƙalami ta cire tabarau, ta ce a ba ta labarin tun daga farko. Inna ta fara, kuma da yake babu labule babu jika, dole ni take faɗa wa. Jimla ɗaya, ta tsaya, in juya. Haka na ji kaina ina gaya wa baƙuwa da Turanci cewa an zaunar da mahaifina a rana, cewa ba mu da ƙuri'a, cewa na ɓoye katuna a bayan 'yata. Na ce a gidan yari 'yata ta yi zazzaɓi, na kwana uku a tsaye ina jijjiga ta, sauran matan suna karɓar ta suna ba ni hutu. Na ce a can ta fara rarrafe, a kan siminti, har gwiwoyinta suka goge. Wannan Inna ba ta faɗa wa autata ba. Ina da tabo a gwiwar hagu da gwaggona ta ce faɗuwa na yi ina ƙarama. Ina fassara ina jin tabon a ƙarƙashin zanena.

Matar ta tambaya ko akwai takardar kotu. Inna ta ce ko ginin kotun ba ya nan. Ta tambaya ko yarinyar tana raye.

"Ga ta nan zaune."

Matar ta dube ni ta daɗe. Sannan ta koma kan takarda ta ce tana bukatar mai neman takardar ta faɗi sunan yarinyar don ta rubuta. Na juya tambayar, kafin in rufe baki na fara faɗin sunana da kaina don in rage wa Inna nauyi. Matar ta ɗaga hannu, ta tuna mini tafinta ba ya amsawa.

Inna ta ja mayafinta gaba, ta dubi tuta, ta dubi ƙasa, ta murza carbinta. Na san abin da ake nema a wurinta ya fi zaman gidan yarin wuya. Har na fara tunanin yadda zan bayyana wa Ba'amurkiya cewa wannan tsohuwar ba mantawa ta yi ba, ba kuma ƙin 'yarta take ba.

Sai ta faɗa. A hankali, da irin lafazin mutanen da, ta ja ƙarshensa kamar mai rarrashi. Suna ba ya bukatar fassara, Allah ya taimake ni, don da ba zan iya ba. Matar ta rubuta, ta turo mini kwalin tishu.

Ba a yanke hukunci ranar ba. An ce mu kawo bayani a rubuce da rantsuwa, nata da nawa, za a duba. Muka kai. Makonnin da suka biyo baya kullum in na dawo daga aiki sai na buɗe akwatin wasiƙa, ina tunanin in abin ya ɓaci ni na ja mata, sau biyu, da a'a ta farko da e ta ƙarshe. Inna ko a jikinta. Ta koma wa labulenta kamar ba abin da ya faru.

Wasiƙar ta zo wata Talata. Autata ta karanta a tsaye, ta yi ihu ta rungume kakarta har haƙoran roba suka kusa faɗowa: an amince, an sa ranar rantsuwa. Inna ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta sa a kira mata ƙanwarta a waya ta ce a gyara mata shimfiɗa. Da ta gama ta dubi jikarta, ni ina tsaye a gabanta da jakar aiki a kafaɗa.

"Ƙawata, gaya wa waccan, wancan karon da fitsari ta tona ni, wannan karon da Turanci. Duka biyun ba ta yi laifi ba."

Na ce, "Na ji, Inna."

Ta kau da kai ta ce wa bango abinci zai huce.

Yanzu tana gida wurin ƙanwarta, wata na takwas ke nan, ba mai ƙirga mata kwana. In ta kira, wayar autata take kira, ta ce a gaishe da mutanen gidan. Ban ƙara jin sunana a bakinta ba, ba na kuma sa ran ji. Amma wani lokaci da safe a cikin jirgi, in ƙarar ƙarfe ta yi yawa yadda ba mai ji na, nakan kira kaina a hankali yadda ta kira ni, in ja ƙarshen.